Madubin hangen nesa guda ɗaya, da safe tsuntsaye da dare taurari: wanne zan saya?

Tambaya: Wani malamin makaranta daga Haɗeja ya rubuto cewa yana son sayen madubin hangen nesa mai ido biyu. Da safe yana so ya riƙa zuwa fadama kallon tsuntsayen ruwa, da dare kuma ya nuna wa 'ya'yansa wata da taurari. Kuɗinsa ba za su sayi biyu ba. A shago an nuna masa 8x42 da 10x50 da 20x50, da wani mai 10-30x60 wanda mai shagon ya ce shi ne babbansu. Yana kuma sanya tabarau.

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa yaran su amfana. A cikin waɗannan huɗu, 8x42 za ka ɗauka, in dai na kirki ne. Idan ka auna ka ga dare ya fi rinjaye a ranka fiye da safiya, to 10x50. Biyun ƙarshe kuwa ka bar wa mai shago kayansa, ko da ya rage maka rabin kuɗin. Ga dalilaina, don kada ka saya a kan maganata kawai.

Adadin farko yana faɗin sau nawa madubin ke kusanto da abu. Da 8x, zalɓen da ke tsaye a nisan mita 80 za ka gan shi kamar yana mita 10 a gabanka. Adadi na biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita, wato ƙofar da haske ke shigowa. Yawancin masu saye adadin farko suke kallo, kuma a nan ake cutarsu, domin madubi ba tsuntsun kaɗai yake girmamawa ba. Duk wata rawar hannu, da numfashi, har bugun zuciya, yana ninka su daidai da yadda ya ninka tsuntsun. A 8x mutum mai lafiya yana iya riƙewa cak na tsawon lokaci. A 10x rawar ta fara bayyana amma ana iya jurewa. Daga 12x zuwa sama, sai dai a ɗora a kan mariƙi mai ƙafa uku. Wanda ya riƙe 20x a hannu yana ganin hoto babba mai tsalle-tsalle, kuma a ƙarshe abin da idonsa ya tsinta bai kai na mai 8x ba.

Sannan duk lokacin da girmamawa ta ƙaru, filin da kake gani yana tsukewa. 8x42 mai kyau yana nuna maka faɗin digiri 7 zuwa 8, wato kimanin mita 125 zuwa 140 a nisan kilomita ɗaya. 10x50 yakan ba da digiri 6 ko ɗan sama da haka, 20x50 kuwa wajen digiri 3. Ga mai kallon tsuntsaye wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ɗan tsuntsu a cikin ƙayar bagaruwa ba ya jiranka. Ya yi tsalle nan, ya leƙo can, ya tashi. Da fili mai faɗi kana ɗaga madubi ya faɗo ciki, kuma in ya tashi ka bi shi. Da ƙuntataccen fili kana ta laluben reshe har ya bar bishiyar. Haka ma garken kirinjijiya in sun tashi daga ruwa a tare, ko shaho da ke shawagi.

Akwai wani lissafi ɗan ƙarami da nake so ka riƙe, domin shi ne ya haɗa maganar safe da ta dare. Ka raba adadi na biyu da na farko. 42 a raba da 8 ya ba da 5.25. 50 a raba da 10 ya ba da 5. 50 a raba da 20 ya ba da 2.5 kacal. Wannan shi ne faɗin ɗigon hasken da ke fitowa ta gilashin ido, a milimita. Kana iya ganinsa da idonka: riƙe madubin nesa da fuskarka gwargwadon tsawon hannu, ka fuskantar da shi sama mai haske, za ka ga ɗan da'irar haske a tsakiyar kowane gilashi. To ƙofar baƙin idon mutum da rana tsaka tana tsukewa zuwa milimita 2 ko 3, cikin duhu kuma ta buɗe har wajen 7 ga matashi, ga wanda ya manyanta ta tsaya wajen 5. Shi ya sa a shago da rana kowane madubi yake da haske, har wanda ba shi da amfani. Amma da asuba, lokacin da tsuntsaye suka fi motsi, ko bayan magariba, idonka ya buɗe yana neman haske, mai 2.5 ba shi da abin ba shi, sai ka ga komai ya dusashe. Mai milimita 5 yana cika idon yawancin manya. Tsofaffin masu kallon taurari sun daɗe suna yabon 7x50 saboda ɗigonsa ya haura 7, amma wanda ya wuce shekara arba'in ko hamsin, ko wanda ke cikin gari mai fitilu, idonsa ba ya buɗewa haka, wani kaso na hasken a banza yake zubewa a gefen ido.

Ta wajen tara haske, 10x50 ya fi 8x42 da kusan kashi 40 cikin ɗari, domin faɗin fuskar gilashi ake lissafawa. Wannan fifikon gaskiya ne, kuma da dare ana ganinsa: taurari marasa ƙarfi sun fi fitowa, ƙarin girmamawar ma tana taimakawa wajen raba waɗanda suka cunkushe. Sai dai yana zuwa da nauyi. 8x42 yakan kai giram 650 zuwa 750, 10x50 kuwa daga 800 har kilo guda. A takarda bambancin kamar ba komai. Ka rataya shi a wuya ka yi tafiyar awa uku a bakin fadama cikin zafi, za ka san da shi, kuma madubin da ya yi nauyi a gida ake barinsa. Yara ma sun fi iya riƙe 8x42. Kada ka raina shi da dare: gilashi mai milimita 42 yana tara hasken da ya ninka na ido buɗaɗɗe sau 36. Wanda bai taɓa ɗaga irinsa sama ba zai yi mamakin yawan taurarin da ke wurin da yake zaton babu komai.

Mai 10-30x60 ɗin nan da aka ce maka babbansu ne, irin wanda ake murzawa girmamawar ta canza. Ban taɓa ba kowa shawarar sayen irinsa ba. Filinsa ƙunci gare shi ko a mafi ƙarancin girmamawa, kuma sassan da ke motsi a ciki dole ne su tafi daidai a ido biyu lokaci guda, abin da mai araha ba ya iyawa. Ka kuma yi hattara da waɗanda aka rubuta musu adadi na ban tsoro irin 60x60 ko 80x80 a ɗan ƙaramin jiki. Sa rula ka auna gilashin gaban, sau da yawa za ka tarar bai kai abin da aka rubuta ba. Haka masu gilashin gaba ja jawur ko ruwan lemo mai walƙiya: wannan jan hasken da kake gani, haske ne da aka koro waje bai shiga ba, kuma abin da ya rage a ciki yakan rine ya koma kore-kore ko shuɗi-shuɗi. Mai kallon tsuntsaye da launi yake aiki. Akwai wani ɗan bainu na duwatsun Jos da masana ba su bayyana shi a matsayin jinsi mai zaman kansa ba sai a 1998, domin ya yi kama ƙwarai da 'yan'uwansa, kuma daga cikin abin da ke raba su akwai launin baya da na baki. Madubin da ke ɓata launi ba zai taɓa nuna maka irin wannan ba.

Adadin da ke jiki rabin labari ne. Madubi biyu duka 8x42 suna iya bambanta nesa ba kusa ba, kuma bambancin yana cikin gilashin. Duk fuskar gilashin da ba a yi wa shafe na musamman ba tana mayar da kusan kashi 4 cikin ɗari na hasken da ya taɓa ta, kuma a cikin kowane ɓangare na madubi akwai fuskoki fiye da goma. In ka tara, wanda ba a shafa ba yana iya zubar da kusan rabin hasken kafin ya iso idonka, na kirki kuwa yana isar da wajen kashi 90. Ka nemi wanda aka rubuta FMC a kwalinsa, ma'ana kowace fuska an yi mata shafe hawa-hawa. A ciki kuma akwai wasu dunƙulallun gilasai masu kusurwa, firizim, da ke miƙar da hoto don kada ka gan shi a kife. Wanda aka yi da gilashin BaK-4 ya fi na BK-7. Wannan ma kana iya ganewa da wancan ɗigon hasken: in da'ira ce cikakkiya mai haske har baki, madalla, in gefunanta huɗu sun dushe ta yi kamar mai kusurwa huɗu, to BK-7 ne ko an rage girman firizim ɗin.

Siffa biyu za ka gani. Akwai mai kafaɗa, wanda gilasan gabansa suka fi na ido warewa, ana kiransa Porro, sunan wani Ba'italiye, Ignazio Porro, da ya yi rajistar tsarin a 1854. Akwai kuma mai miƙaƙƙen jiki siriri da ake rubuta wa Roof. Miƙaƙƙen ya fi daɗin riƙo, ya fi sauƙin toshewa daga ruwa da ƙura, amma yin sa da kyau yana da tsada, don firizim ɗinsa yana bukatar ƙarin shafe na gyaran haske. Saboda haka in kuɗi sun yi kaɗan sosai, Porro na kamfanin da aka sani, irin Nikon Aculon, ya fi Roof mai araha fitar da hoto. In kana iya kaiwa tsakanin dala 150 zuwa 300, nan ne ake samun Roof masu kyau irin Celestron Nature DX, Vortex Diamondback HD, Nikon Prostaff da Monarch, kuma a ganina nan ne kuɗin mutum suka fi saya masa abu. Na sama irin Swarovski da Zeiss da Leica suna haura dala 2,000. Suna da kyau ƙwarai, ban musa ba, amma tazarar da ke tsakanin na banza da na dala 200 ta fi tazarar da ke tsakanin na dala 200 da na 2,000 girma.

Maganar tabaranka ba ta wasa ba ce, kuma masu shago ba kasafai suke sanin ta ba. Kowane madubi yana da tazarar da ido zai tsaya daga gilashi ya ga fili duka. Tabarau yana tura idonka baya. In tazarar ba ta kai milimita 15 ba, gara ma 17 ko 18, za ka ga tsakiya kawai, gefe ya yanke, ka biya kuɗin fili mai faɗi ba ka samu ba. Ka nemi mai kofunan ido da ake murzawa su hau su sauka. Mai tabarau yana sauke su ƙasa, marar tabarau ya ɗaga. Ka gwada da tabaranka a fuska, ka tabbata kana ganin bakin da'irar ko'ina ba tare da ka danna gilashi a ido ba.

A ƙasarmu toshewar jiki ta fi muhimmanci fiye da yadda littattafan Turai ke nunawa, kuma ba don ruwan sama kaɗai ba. Ƙurar hunturu lallausa ce ƙwarai, tana shiga duk inda iska ke shiga. Da damina kuma laima na shiga ta haifar da fumfuna a kan gilashin ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Madubin da aka toshe aka cika shi da iskar naitirojin ya tsira daga duka biyun. Tsuntsayen da ke zuwa daga Turai su yi hunturu a dausayin Haɗeja da Nguru, da wajen Dagona, suna nan ne daga wajen Oktoba zuwa Maris, daidai lokacin hazo, don haka madubinka zai sha ƙura ko ka so ko ka ƙi.

Kada ka biya sai ka gwada, kuma ka fito da shi waje. Ka lanƙwasa tsakiyarsa har da'ira biyu su haɗe su zama ɗaya. Ka rufe gilashin gaba na dama da tafin hannu, ka murza dabaran tsakiya har rubutun wani allo mai nisa ya fito tar a idon hagu. Sai ka rufe na hagu, ka gyara na dama da ɗan zoben da ke jikin gilashin idon dama, ba da dabaran tsakiya ba. Wannan zoben don bambancin ƙarfin idanunka aka yi shi, sau ɗaya ake saita shi a bar shi. Mutane da yawa suna shekara da madubi suna cewa ba ya fita sosai, alhali zoben nan ne a karkace. Bayan haka ka kalli wayar lantarki ko bakin rufin gini, ka ja madubin a hankali daga fuskarka kamar taƙi guda kana ci gaba da kallo. Layin ya kamata ya miƙe daga da'irar hagu zuwa ta dama babu hawa babu sauka. In ɗaya ya ɗara ɗaya, ɓangarorin biyu ba sa kallon wuri guda. Ido zai yi ta kokawa ya haɗa su, bayan minti goma kai ya fara ciwo, da dare kuma kowane tauraro ya zama biyu. Wannan cuta ce da ta zama ruwan dare a madubin gwanjo da ya taɓa faɗuwa, kuma masu gyaranta ba su da yawa. In na gwanjon ne, ka juya shi ka haska tocila ta gilashin gaba ka leƙa: fumfuna tana fitowa kamar zaren saƙar gizo-gizo manne a gilashi. In ka gan ta, ajiye. Ka kuma duba mafi kusan abin da yake iya fitarwa. Mita 2 ko 3 ya yi kyau ga ƙananan tsuntsayen lambu. 10x50 da yawa ba sa sauka ƙasa da mita 5 ko 6.

Gani ya kori ji. In kana da hanyar haɗuwa da masu wannan harka, ka roƙi aron nasu na minti biyar kafin ka kashe kuɗinka. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos, wadda ke haɗe da Jami'ar Jos, ta yaye ɗalibai da dama da ke zagaya jihohin arewa suna ƙidayar tsuntsaye, kuma yankinku na daga cikin wuraren da suke zuwa.

Yanzu dare. Ka san abin da za ka yi wa yara alkawari don kada su ji an yaudare su. Zoben da ke kewaye da tauraron Zuhal ba ya fita a 8x ko 10x, wannan sai madubi mai ido ɗaya da ke girmamawa sau 30 zuwa sama. Amma wata yana fita da kyau, kuma kada ka jira daren sha huɗu, lokacin haske ya daki fuskarsa gaba ɗaya babu inuwa. Daren bakwai ko takwas ya fi, ka bi layin da ke raba haske da duhu, nan ramuka da duwatsu suke fitowa da inuwarsu. Tauraron Mushtari kuma, in ka jingina madubin a kan katanga ko rufin mota, za ka ga 'yan ɗigogi a jere a gefensa, wani dare biyu, wani dare uku ko huɗu. Watanninsa ne, waɗanda masanin taurari Galileo ya gani a 1610, kuma in yara suka zana inda suke yau suka sake dubawa gobe za su tarar sun sauya wuri. Kaza da 'ya'yanta, daga Nuwamba zuwa Fabrairu da farkon dare, ita ce abin da madubi mai ido biyu ya fi babban madubi iya nunawa, domin duk garken yana shiga fili ɗaya: inda ido ke ƙirga shida ko bakwai, za ka ga gommai. A daidai wannan lokaci akwai Andromeda, ɗan farin tabo mai tsawo a arewacin sama, wanda Abdurrahman al-Sufi ya siffanta da ƙaramin gajimare a littafinsa na taurari wajen shekarar 964. Hasken da ke shiga idonka daga can ya yi tafiyar shekara miliyan biyu da rabi.

Muna da wata falala da mutanen Ingila ba su da ita. A wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, inda Kano da Haɗeja suke, muna ganin sararin arewa, muna kuma ganin kaso mai yawa na sararin kudu. A Afrilu da Mayu, in ka fuskanci kudu da dare a fili marar bishiyoyi, Omega Centauri yana hawa wajen digiri 30 sama da ƙasa, curin taurari miliyoyi da ke fitowa a madubi kamar ɗan dunƙulen haske mai girman wata. Sama mafi tsabta kuwa ba ta hunturu ba ce. Daren da ruwan sama ya wanke iska gajimare ya janye, da 'yan makonnin ƙarshen damina kafin hazo ya sauko, su ne na zinariya. Ka kwanta a tabarma ko ka kishingiɗa a kujera, gwiwar hannu a tokare, ka ajiye waya, domin ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu kuma hasken waya na daƙiƙa kaɗan yana mayar da shi baya.

Tunda madubi zai shiga gida mai yara, wannan ka faɗa musu da kakkausar murya tun ranar farko: ba a kallon rana da shi, ko na ƙiftawar ido, ko hazo ya rufe ta ta yi ja kamar ba ta da ƙarfi. Gilashin da ke tara haske sau 36 yana ƙona bayan ido nan take, babu zafin da zai gargaɗe ka, kuma ba ya warkewa. Haɗarin ya fi yawa a ranar duban jinjirin wata, domin kowa yana lalube a yamma kusa da inda rana take. Madubi yana taimakawa sosai wajen gano inda jinjirin yake, amma kada a ɗaga shi sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Ka kuma lura da inda kake nuna shi. Kusa da bariki, filin jirgi, shingen jami'an tsaro ko gidajen mutane, a bar shi cikin jaka. In ka je ƙauyen da ba a san ka ba, ka fara gaida mai unguwa ka faɗi abin da ya kawo ka, ka ba mutane su leƙa su ga gauraka ko dinya da idonsu.

Wajen goge shi, bakin riga ne ke kashe madubai a nan. Ƙurar da ke kan gilashi tana da ƙananan ƙwayoyin yashi, in ka murza ta da ƙyalle ka kankare shafen da ka biya kuɗi dominsa. Ka fara hure ta da 'yar robar hura iska irin ta masu kyamara, ka share da burushi mai laushi, sannan ka goge da ƙyallen tabarau mai tsabta, daga tsakiya zuwa baki. Kada ka bar shi a mota a rufe cikin zafin Afrilu. Da damina kuma in ka dawo da shi da laima, ka bar shi a sarari ya sha iska ya bushe kafin ka mayar da shi jakarsa.